Yawan Ire-iren Tsirrai da Ɗorewar Daji da Gona

Masana ilmin tsirrai sun daɗe suna muhawara a kan wata tambaya da ta shafi tarihin ƙasarmu kai tsaye, wato: shin filin da ya tara ire-iren ciyayi da itatuwa masu yawa ya fi jure wa fari da annoba bisa ga filin da iri ɗaya ko biyu suka mamaye? A 1958 wani Baturen Ingila mai suna Charles Elton ya ce e, ya fi. Amma a farkon shekarun 1970 Robert May ya fito da lissafin da ya nuna cewa yawan iri yana iya ƙara rikita zaman halittu. Da yake lissafi ne na kan takarda, sai aka koma fili domin a gani da ido.

Gwajin da ya fi shahara shi ne na Cedar Creek a jihar Minnesota ta Amurka, inda David Tilman ya yanka filayen ciyawa fiye da 200 a 1982, yana auna abin da kowane ya fitar duk shekara. Ana cikin haka sai fari mai tsanani ya afka wa yankin a 1987 da 1988. Filayen da suka fi tara iri sun yi asarar kimanin rabin amfaninsu, waɗanda kuwa suka fi ƙarancin iri abin da ya rage musu bai wuce kashi ɗaya cikin takwas ba. Aka buga wannan sakamako a 1994. Wasu masana suka ƙi yarda, suka ce ai takin zamani da aka zuba ne ya rage ire-iren ciyawar tun farko, saboda haka ba a san ko laifin taki ba ne. Ni a ganina sukar tana da tushe. Tilman ya sake wani gwajin a filaye 168, inda aka shuka iri 1, 2, 4, 8 ko 16 a kowane fili. Bayan shekara goma, a 2006, aka tabbatar da cewa masu iri 16 sun fi tsayawa a kan amfaninsu daga shekara zuwa shekara.

Akwai wani abu a nan da nake so malamai su lura da shi, don ɗalibai sukan ruɗe a kansa. Jimillar abin da fili ya fitar ita ce take daidaita, amma kowace ciyawa ita kaɗai hawa da sauka take yi, har ma fiye da yadda za ta yi da ita kaɗai ce a filin. Bana wannan ta ja baya, waccan ta cike gurbinta. Baɗi kuma a juya. Ashe da Elton da May kowa yana da tasa gaskiyar.

Dalili kuwa shi ne tsirrai ba buƙatarsu ɗaya ba. Mu duba makiyaya ta Arewa. Gamba tana da saiwa mai zurfi, tana shekara da shekaru a gindi ɗaya, da an yi yayyafin farko sai ta tofo. Ƙarangiya da kyasuwa kuwa 'yan shekara ɗaya ne, irinsu yana kwance cikin ƙasa yana jiran ruwa, sai su girma su yi 'ya'ya cikin 'yan makonni. Sabara da kalgo ko an sare su sai sun sake fitowa daga kututture. Gawo shi nasa daban ne: yana kakkaɓe ganyensa da damina, ya fitar da shi da rani, don haka ba ya hana gero rana, ga taki a gindinsa, ga 'ya'yansa abincin dabbobi a lokacin da ciyawa ta ƙare. Da wuya a sami shekarar da za ta ɓaci ga dukkan waɗannan gaba ɗaya.

Manomin ƙasar Kano ya san wannan tun kafin a rubuta shi. Yakan haɗa gero da dawa da wake a kunya ɗaya, ya bar ɗorawa da kuka da tsamiya da kanya a tsakiyar gona. In ruwa ya ɗauke da wuri gero ya riga ya nuna. In ya daɗe dawa ta yi kyau. Wake kuma ya ƙara wa ƙasa ƙarfi, ya bar harawa. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero, ya bi diddigin yadda ƙauyukan Arewa suka tsallake farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984, ya fitar da littafi a kan haka a 1989. Cikin abin da ya nuna har da dogaron mutane ga ganyaye da 'ya'yan itatuwa sa'ad da rumbu ya ƙone. Dattawa da suka ga waɗannan shekaru ba sa buƙatar a gaya musu matsayin tafasa da yaɗiya da aduwa.

Kishiyar wannan ita ce gyaɗa. An shimfiɗa ta a faɗin ƙasa saboda kuɗi, har aka yi ta tara dalar gyaɗa a Kano. A 1975 wata cuta da ƙananan ƙwari ke yaɗawa, mai tsuke ganye, ta lalata wajen hekta 700,000 a Arewa, fari kuma bai daɗe da wucewa ba. Ba cutar kaɗai ta rushe kasuwar gyaɗa ba, akwai man fetur da sha'anin farashi, amma ta taimaka ƙwarai.

Kada dai a ɗauka cewa yawan iri maganin komai ne. Inda kiwo ya yi yawa kuma fari ya jera, gamba takan ɓace, ƙarangiya ta gaje filin, kuma kafin gamba ta dawo akan ɗau shekaru. Haka nan ire-ire goma masu hali ɗaya ba su kai biyar masu hali daban-daban ba. Shi ya sa ban cika gamsuwa da shingen itatuwa na dalbejiya ko turare zalla ba, duk da amfaninsa wajen tare iska. Abin da manoman Maraɗi da Damagaram suka yi tun daga shekarun 1980 ya fi kusa da yadda daji yake, wato renon tohon da ya fito daga tsofaffin kututture maimakon sare shi, har aka kiyasta sun farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5.

Malamin da yake so ɗalibansa su ga wannan da idonsu yana iya kafa turaku a filaye biyu na taku goma-goma a bayan makaranta, ɗaya inda ciyawa ta gauraya, ɗaya inda iri guda ya mamaye. A ƙirga ire-iren a watan Agusta, a yanke ciyawar a auna busasshiyarta da kaka, a rubuta tare da adadin ranakun da aka yi ruwa. Shekara ɗaya ba za ta nuna komai ba, sai an ajiye littafin aƙalla shekara biyar, ajin baya yana gadon na gaba.