Kafin jini ya kai ga na'ura

Tun da gwamnatin Kano ta sanya hannu kan dokar gwajin lafiya kafin aure a shekarar 2024, gardamar mutane ta tsaya kan kuɗin gwaji da kuma asirin wanda aka samu da cuta. Ba kasafai ake tambayar wane ne ke zaune da sirinji yana ɗibar jinin ba, ko a ina ya koya. A zaton mutane da yawa, duk wanda ya iya allura ya iya ɗibar jini, sakamako kuwa aikin na'ura ne. Wannan zaton ne ya sa yaron kemis ke ɗaure hannun mutum ba tare da kowa ya ɗaga gira ba, shi ne kuma ya buɗe kasuwa ga masu tallan kwas na 'yan kwanaki da satifiket mai ƙyalli.

Binciken da aka yi a asibitocin ƙasashe daban-daban ya daɗe da nuna cewa fiye da rabin kurakuran ɗakin gwaji suna faruwa ne kafin jini ya shiga na'ura: wajen tantance mai jinin, da ɗiba, da rubuta suna, da ajiya. Na'ura tamkar injin niƙa ce. Abin da aka zuba mata shi za ta fitar, kuma idan an kawo gero da tsakuwa ba za ta tsaya ta tsince ba. Idan igiyar da aka ɗaure hannu da ita ta wuce minti ɗaya ko biyu, ma'aunin wasu sinadaran jini yana sauyawa. Idan aka zuƙi jinin da ƙarfi ta siririyar allura, ko aka jijjiga kwalbar, jajayen ƙwayoyin jini sukan farfashe su zubar da fotasiyam ɗin da ke cikinsu, sai likita ya ga adadi mai tayar da hankali a jikin mutumin da lafiyarsa ƙalau. Kwalba mai murfi launin shunayya ma, wadda ake amfani da ita wajen ƙidayar ƙwayoyin jini da gwajin sikila, tana ɗauke da maganin hana daskarewa mai fotasiyam a ciki. Ɗigonsa kaɗan idan ya shiga wata kwalbar ya isa ya ɓata sakamako. Shi ya sa ake koyar da jerin da ake bi wajen cika kwalabe. Mafi muni kuma shi ne mafi sauƙin aukuwa: a ɗebi jinin mutum biyar a jere, a bari sai daga baya a rubuta sunaye. Musayar kwalba ɗaya kan mai da AS ya zama AA a takarda, a ɗaura aure da kwanciyar hankali, gaskiya ta bayyana a jikin jariri.

Akwai kuma lafiyar mai ɗibar. Allurar da ta fito daga jikin mai ciwon hanta nau'in B, idan ta soki ma'aikacin da bai yi rigakafi ba, haɗarin kamuwa kan kai kashi 30 cikin 100, na ƙanjamau kuwa kusan 3 ne cikin 1,000. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da kundi guda kan ɗibar jini kaɗai a 2010, kuma babban ɓangarensa kan irin wannan kariyar ne.

Wani zai ce ai a Amurka watanni kaɗan ake yi a zama mai ɗibar jini, me ya sa za mu tsananta? Gaskiya ne a can sana'a ce mai zaman kanta, kuma horonta gajere ne. Amma a dubi abin da ke cikin gajertar. Jihar Kaliforniya ba ta ba sabon shiga lasisi sai ya yi awa 40 a aji da awa 40 a wurin aiki, ya ɗebi jini daga jijiya sau 50 da kuma ta huda fata sau 10 a gaban mai sa ido, sannan ya ci jarrabawa. Abin da ya ba takardar daraja shi ne akwai wanda ya tsaya a kansa ya shaida, akwai kuma hukumar da za ta iya ƙwace ta. A Najeriya wannan hurumin yana hannun hukumar MLSCN, wadda doka ta kafa a 2003. Ita ke yi wa ma'aikatan ɗakin gwaji rajista, daga mai digirin shekara biyar na jami'a zuwa wanda ya yi shekara uku a kwalejin fasahar lafiya. Matashin da ke son wannan aikin, kafin ya biya ko sisi, ya binciki ko hukumar ta amince da makarantar.

Hujja mafi nauyi ita ce ta ƙarancin ma'aikata. A ƙauyen da babu mai rajista ko ɗaya, shin a hana gwaji ke nan? Kuma ai akwai waɗanda suka shekara goma suna ɗiba, hannunsu ba ya kuskuren jijiya. Ban raina wannan ƙwarewar ba, amma samun jijiya shi ne kaɗai ɓangaren aikin da ido ke gani. Wanda ya saba jijjiga kwalba zai yi ta yi har ya tsufa, domin ba a gabansa illar ke fitowa ba. Irin waɗannan mutanen horo suke buƙata, da jarrabawa, da wani mai rajista da zai riƙa duba aikinsu, kuma gwamnatocin jihohi ne ke da kwalejojin da za su iya yin hakan. Gwamnatin da ta wajabta gwaji ta ƙara yawan jinin da za a ɗiba a kowace rana, don haka nauyin sanin hannun da ke ɗibar ya hau kanta tun ranar da aka sa hannu kan dokar.