Kwaɗi a Tafkunan Lambu na Turai: Inda Aka Hana Ciniki da Inda Ake Cin Riba

A duk shekara, daga ƙarshen watan Fabrairu zuwa cikin Maris, lokacin da sanyin hunturu ya fara sassautawa a ƙasar Biritaniya, kwaɗi kan fito daga maɓoyarsu su nufi 'yan tafkunan da jama'a ke haƙawa a lambunan gidajensu domin yin ƙwai. A yankin Cornwall da ke kudu maso yamma akan ga ƙwan tun a watan Janairu, a tsaunukan Sikotilan kuwa sai an shiga Afrilu. Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa wannan da kasuwanci? Amsa ita ce, kwaɗon da ke wannan tafki haja ce da doka ta hana sayarwa a Ingila, alhali a ƙetaren ruwa, a Faransa, irinsa ne ake biyan kuɗi mai tsoka a ci ƙafarsa.

Iri biyu ne suka fi yawa a can. Akwai kwaɗon ruwa mai santsin jiki, wanda macensa kan zuba ƙwai har kimanin 2,000 a dunƙule guda mai yauƙi kamar miyar kuɓewa, a bakin ruwa inda ba zurfi. Akwai kuma kwaɗon tudu mai kaushin fata, wanda nasa ƙwan ke fitowa a jere cikin doguwar igiya kamar carbi, yana naɗe ta a jikin ciyayin ruwa. Na farkon ba ya da zaɓe, ko wane ɗan kududdufi ya samu ya wadatar. Na biyun kuwa ya fi son babban tafki mai zurfi, kuma yakan koma inda aka haife shi ko da akwai hanyar mota a tsakani. Daga dubban ƙwan nan kaɗan ne ke rayuwa su zama ƙananan kwaɗi a watannin Yuni da Yuli, sa'an nan sai sun shekara biyu zuwa uku kafin su ma su hayayyafa.

Tafkunan gonaki, waɗanda a da ake shayar da dabbobi a cikinsu, sun ragu ƙwarai a ƙarni na 20 bayan da aka kai ruwan famfo gonaki, aka kuma cike ramuka domin faɗaɗa noma. Tafkunan lambu ne suka toshe wani ɓangare na wannan giɓi. Wani nazari da aka buga a 2009 ya ƙiyasta cewa akwai irinsu tsakanin miliyan 2.5 da miliyan 3.5 a gidajen Biritaniya. Ba gwamnati ce ta haƙa su ba. Masu gidaje ne suka sayi ledar shimfiɗa ramin, da tsirran ruwa, da injin juya ruwa daga shagunan kayan lambu, da kuɗin aljihunsu. Ladan da mai gida ke samu shi ne kwaɗin na cinye masa katantanwa da ƙwarin da ke ɓata ganyaye, maƙwabcinsa ma ya amfana ba tare da ya biya ko sisi ba. Masana tattalin arziki sun san irin wannan amfani da ke tsallake katanga, kuma sun san kasuwa ba ta iya sa masa farashi.

Amma fa ƙaramin tafki bai ceci kwaɗon tudu ba. Ƙungiyar Froglife, wadda ke shirya 'yan sa-kai su fita da dare da bokitai da tocila suna tsallakar da kwaɗi hanya, ta haɗa kai da Jami'ar Zurich aka nazarci alƙaluman da masu sintirin suka tara daga 1985 zuwa 2014. Sakamakon da aka bayyana a 2016 ya nuna raguwar kashi 68 cikin 100.

Dokar kare namun daji da karkara ta 1981 ta haramta sayar da waɗannan kwaɗi a Ingila, har da ƙwansu. Ko kyautar ƙwai daga wannan tafki zuwa wancan masana na gargaɗi a kanta, saboda cutar ranabairos da ta ɓulla a kudu maso gabashin ƙasar a ƙarshen shekarun 1980, mai iya kashe kwaɗin tafki da yawa a ɗan lokaci.

A Faransa labarin ya sha bamban. Ganin yadda kwaɗinta suka yi ƙaranci, ƙasar ta hana farautarsu domin sayarwa a 1980. Sai dai a yankin Franche-Comté da ke gabas ana ba masu tafkuna izini na musamman su kama wannan kwaɗon ruwa a daidai makonnin da yake taruwa domin hayayyafa, da adadin da aka ƙayyade wa kowa, tare da sharaɗin kada a yanka mace sai ta zuba ƙwanta. A ganina wannan sharaɗi shi ne ƙashin bayan sana'ar baki ɗaya. Ɗan kasuwa ya san bambancin uwar kuɗi da riba. Ƙwan da aka bari a ruwa shi ne uwar kuɗi, kuma mai tafki yana da dalilin kiyaye shi domin shi ne zai dawo bakin ruwan nan da shekara uku.

Abin da ake samu a gida bai kai ko kusa da buƙatar gidajen abinci ba, don haka aka koma sayowa daga ƙetare. Rahoton da ƙungiyoyin Pro Wildlife da Robin des Bois suka fitar a 2022 ya ce Tarayyar Turai ta shigo da ƙafafun kwaɗi tan 40,700 daga 2010 zuwa 2019, wato abin da ya kama daga kwaɗi miliyan 814 zuwa biliyan 2. Indonesiya ce ta kawo kashi 74 cikin 100, akasari na daji, Biyetnam kashi 21, saura daga Turkiyya da Albaniya. Turai ta tsare nata, tana cin na wasu.

Indiya ta riga kowa ɗanɗana kuɗar wannan ciniki. Ita da Bangaladesh ne ke kan gaba wajen fitar da ƙafar kwaɗo a shekarun 1970 da farkon 1980. Da kwaɗi suka ragu a gonakin shinkafa, sai masana suka yi ta jan hankali cewa ƙwari sun yawaita, kuma kuɗin wajen da aka samu yana komawa wajen sayen maganin feshi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. A 1985 aka sa iri biyu na kwaɗin yankin cikin jerin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin namun daji, a 1987 Indiya ta hana fitarwa, Bangaladesh ta biyo baya, kasuwar kuma ta tattara ta koma Indonesiya.

Mu ma nan ba a bar mu a baya ba, ko da yake yawancin Hausawa ba su ɗauki kwaɗo abinci ba. Burduddugi, babban kwaɗon fadama, ana kama shi a arewacin Nijeriya da ƙasashen Benin da Nijar da Chadi, a busar ko a ƙyafe, a cika buhuna a yi kudu maso yamma da shi. Garin Malanville da ke bakin kogin Kwara a arewacin Benin yana cikin manyan cibiyoyin wannan fatauci. Wani bincike da masana daga Jamus da Jami'ar Legas suka buga a 2010 ya gano cewa mutum 32 kacal da aka zanta da su suna hada-hadar kwaɗi kimanin miliyan 2.7 a shekara. Da rani, idan ruwa ya janye, kwaɗin kan taru a 'yan wuraren da suka rage, kamun ya yi sauƙi. Bambancinmu da Franche-Comté shi ne fadamar ba ta mutum ɗaya ba ce. Wanda ya bar mace yau, wani ne zai kama ta gobe, saboda haka ba wanda ke bari.

Ga mai jari da ke tunanin kiwo, abin lura shi ne kwaɗon da Biyetnam ke fitarwa yawanci na kiwo ne, kuma dangi ɗaya yake da burduddugin namu. Wanda ya saba da kiwon tarwaɗa yana da tafki da sanin sarrafa ruwa, hasali ma yakan ɗauki kwaɗo abokin gaba saboda yana cinye masa 'ya'yan kifi. Sai dai kwaɗo ya fi kifi wuyar sha'ani. Bisa ɗabi'arsa abin da ke motsi yake kai wa cafka, don haka sai an horar da shi tun yana ƙarami kafin ya karɓi abincin buhu, kuma manya kan haɗiye ƙanana idan ba a riƙa rarrabe su bisa girma ba. Kafin a haƙa rami ko ɗaya, sai an fara lissafa kuɗin abincin, a gwada shi da farashin busasshen kwaɗon daji a kasuwannin Ibadan da Legas, wanda mai kama shi bai kashe komai wajen ciyar da shi ba.