Jakar Ruwa a Ƙashin Muƙamuƙi: Yadda Ake Yi wa Dattawa Magani

Yawancin dattawanmu suna ganin da zarar haƙori ya fita, zancensa ya ƙare. Ba kullum haka take ba. Haƙorin da ya ruɓe har jijiyarsa ta mutu yakan haifar da wata 'yar jaka mai ruwa a ƙarshen saiwarsa, can cikin ƙashi. In aka cire haƙorin ba a kankare jakar ba, sai dasashi ya rufe a kanta, ita kuwa ta ci gaba da girma shekara da shekaru, tana cin ƙashin muƙamuƙi ta ciki kamar yadda gara ke cin katako.

Abin da ya sa take yaudarar mutane shi ne ba ta ciwo, sai in ta yi mugunya. Sau da yawa alamar farko ita ce haƙoran roba su daina zama daidai, ko kumatu ya ɗan tasa ta gefe guda, ko leɓen ƙasa ya riƙa mutuwa in kumburin ya danne jijiyar da ta ratsa ƙashin. A nan ne wasu ke kai tsoho wurin wanzami a yi sakiya. Ruwa zai fita, kumburin ya sace, kowa ya yi murna, amma fatar jakar tana nan, za ta sake cika, wataƙila har da ƙwayoyin cuta a wannan karon.

Likita yakan fara da hoton muƙamuƙi gaba ɗaya, sannan ya yanki ɗan nama a duba a ɗakin gwaji. Wannan gwajin bai kamata a tsallake shi ba ko da kuɗi sun yi wuya, domin akwai ƙarin da ake kira amelobilastoma, wanda asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika suka saba gani, kuma a hoto yana iya kama da jakar ruwa. Aikinsa daban ne, yakan kai ga yanke wani sashe na ƙashin. Akwai kuma wata irin jakar mai yawan dawowa, keratosist ɗin haƙori, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin ƙari a 2005, ta mayar da ita jerin jakunkuna a 2017.

Hanyoyin tiyata biyu ne, dukansu likitan Jamus Carl Partsch ya bayyana su, a 1892 da 1910. Ta baya ita ce a ɓare jakar ɗungurungum a ɗinke. Ta farkon kuwa, a buɗe mata ƙofa zuwa cikin baki, ko a saka siririn bututu, ruwan ya riƙa tsiyaya, matsi ya ragu, ƙashi ya riƙa cikowa a hankali cikin watanni.

A ganina hanyar sannu ta fi dacewa da dattijo mai babbar jaka. Muƙamuƙin da ya rasa haƙora ya riga ya sirance, kankara mai ƙarfi na iya karya shi. Ga hawan jini, ga ciwon suga da ke hana rauni warkewa, ga maganin tsinka jini irin su asfirin, ga magungunan ƙarfafa ƙashi da kan sa ƙashin muƙamuƙi ya ƙi warkewa bayan tiyata. Buɗe ƙofa kuwa ana iya yin sa da allurar kashe wuri, ba sai an sa tsoho barci ba.

Sai dai tana da nata sharaɗin. Dole a riƙa wanke ramin kullum da sirinji da ruwan gishiri, a kuma riƙa komawa asibiti ana ɗaukar hoto. Tsohuwar da ido ya yi rauni, hannu na rawa, gidanta kuma na da nisa da birni, ba za ta iya ita kaɗai ba. Saboda haka kafin likita ya zaɓi hanya, ya kamata ya zauna da 'ya'ya da jikoki ya ji wa zai ɗauki nauyin wankin, wa kuma zai riƙa kawo ta.