Gani Ya Kori Ji: Talabijin ta Tauraron Ɗan Adam da Masu Sha'awar Wasanni

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa Kakuri ko Barnawa ko Sabon Tasha ranar Asabar da yamma zai ji ƙarar janareta da sowar matasa daga gidajen kallon ƙwallo. Ana buga wasan a Ingila, amma ana ganinsa a kudancin kogin Kaduna kusan a lokaci guda. Yaya hoton ke ƙetaro wannan nisa, kuma mene ne amfaninsa ga mai kallo?

Yadda hoton ke isowa

Igiyoyin da ke ɗauke da hoton talabijin a miƙe suke tafiya, kamar haske. Ita kuwa duniya ƙwallo ce. Saboda haka saƙon tashar da ke ƙasa ba ya nisa sosai, doron duniya yake tare shi. A shekarar 1945 wani Baturen Ingila, Arthur C. Clarke, ya bayyana mafita. Idan aka ajiye na'ura a nisan kilomita 35,786 bisa layin ikwaita, za ta riƙa zagaya duniya sau ɗaya a kwana guda, daidai da juyawar duniyar kanta. Ga mutumin da ke ƙasa, sai ta zama tamkar a tsaye take. A 1964 tauraron Syncom 3 ya kai hotunan wasannin Olamfik daga Tokyo zuwa Amurka ta wannan hanya.

Wannan shi ne dalilin da ya sa ake ɗaure kwanon satalayit a wuri ɗaya, ba ya juyawa. Aikinsa shi ne tattara raunanan igiyoyi ya mayar da su kan 'yar na'urar da ke gabansa, ita kuma ta ƙarfafa su ta aika wa dikoda. Saƙon yana gudun kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka hawansa da saukarsa kan ci kusan rubu'in daƙiƙa. Da damina kuwa hoton kan ɗauke, domin ɗigon ruwan sama na shanye igiyoyin yana kuma warwatsa su.

Amfaninsa ga mai kallo

Amfani na farko shi ne gani da ido a lokacin da abu ke faruwa. Ranar 21 ga Yuni, 1994, Rashidi Yekini ya ci wa Nijeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya, a ragar Bulgeriya, a birnin Dallas. Yekini haifaffen Kaduna ne, kuma ya fara wasa a ƙungiyar masaƙar UNTL. Haka kuma ranar 3 ga Agusta, 1996, Nijeriya ta doke Ajantina da ci 3 da 2 ta ɗauki zinaren Olamfik, kuma biyu daga cikin waɗanda suka ci ƙwallayen, Celestine Babayaro da Daniel Amokachi, 'yan Kaduna ne. Ba don tauraron ɗan Adam ba, da mutanen garinsu labari kawai za su ji.

Amfani na biyu ya shafi ido da ƙwaƙwalwa. Idon mutum ba ya iya rarrabe motsin da ya yi sauri ainun. Talabijin tana nuna hotuna masu yawa a jere cikin daƙiƙa ɗaya, ƙwaƙwalwa ta haɗa su su zama motsi. Idan aka maimaita hoton a hankali, sai abin da ya ɓuya ya bayyana: inda ɗan wasa ya dasa ƙafa, da yadda ya karkata ƙugu, da gefen ƙafar da ya taɓa ƙwallo. Ɗan Adam kuwa yana koyon motsi ta hanyar kallo da kwaikwayo. Malamin kimiyya ma yana iya ɗaukar wasan jiya ya koyar da aikin tsoka da gaɓoɓi, da dalilin haki da gumi.

Amfani na uku na zamantakewa ne. A gidan kallo, Musulmi da Kirista kan zauna a benci ɗaya suna goyon bayan ƙungiya ɗaya. A gari irin Kaduna wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ga kuma abinci da masu gidajen kallo da masu ɗaura kwano ke samu.

Kammalawa

Sai dai kallo ba ya ƙarfafa tsoka. Zuciyar mai kallo kan buga da sauri saboda zumuɗi, amma jikinsa a zaune yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su riƙa motsa jiki aƙalla minti 60 kowace rana. Wasannin dare kuma suna cinye barcin ɗalibi, alhali a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana karatun yini. Saboda haka ribar kallo ba ta cika sai ɗalibi ya ɗauki abin da ya gani ya kai shi filin makaranta. Su Yekini da Amokachi a fili suka koyi abin da duniya ta zauna tana kallo.