Kaka da Jika a Gidan Mai Bi: Riƙo, Biki da Aikin Gayya

In ka tsaya a ƙofar majami'a a ƙauye ran Lahadi da safe, ka lura da masu kawo yara Makarantar Lahadi. Sau da yawa tsohuwa za ka gani, ɗaya a goye, biyu suna riƙe da bakin zanenta. Uban yana Abuja ko Legas wurin neman abinci, uwar tana makaranta ko ta yi wani aure. A wasu gidaje kuma iyayen sun rasu, musamman a ƙasashen da rikici ya taɓa, kamar kudancin Borno da arewacin Adamawa bayan abin da ya faru a 2014. Ikkilisiya tana da koyarwa mai yawa a kan miji da mata, da iyaye da 'ya'ya. A kan kaka da jika kuwa ba mu cika yin magana ba, alhali kuwa a hannun kakanni yara da yawa suke girma.

Bari mu fara da abin da muka gada. A ƙasar Hausa, da kabilu da dama na arewa, akwai wasa tsakanin kaka da jika. Tsohuwa takan kira jikanta "mijina", jikanya kuma "kishiyata". Tsoho yakan ce jikarsa ce amaryarsa. Yaron da ba zai iya ɗaga ido ya dubi ubansa ba, yana iya zama a cinyar kakansa ya ja masa gemu. Kada mu raina wannan wasa. Shi ne yake sa yaro ya faɗa wa kaka abin da yake ɓoye wa kowa: ya faɗi jarrabawa, wani babba yana taɓa shi yadda bai kamata ba, ko yarinya ta ga jini karo na fari ta tsorata. Na sha ganin matsalar da ta gagari dattawan ikkilisiya, sai ga kaka ta san tushenta tun da daɗewa, don kawai ita aka gaya wa.

Littafi Mai Tsarki bai yi shiru a kan wannan ba. A Maimaitawar Shari'a 4:9, Musa ya ɗora wa mutanen Isra'ila nauyin sanar da abin da idonsu ya gani ga 'ya'yansu, har da jikokinsu. Wato aikin mutum ba ya ƙarewa ranar da ya aurar da autansa. A Farawa 48, Yakubu yana kwance, idonsa ya dushe, Yusufu ya kawo masa Manassa da Ifraimu. Yaran nan an haife su a Masar, uwarsu 'yar firist ɗin Masar ce, amma tsohon ya karɓe su kamar 'ya'yan cikinsa, ya sa musu albarka. Abin da yake ba ni mamaki shi ne, da marubucin Ibraniyawa ya zo ga Yakubu a sura 11, bai ambaci mafarkin Betel ba, bai ambaci kokawar Feniyel ba. Albarkar da ya sa wa jikokinsa ya zaɓa ta zama shaidar bangaskiyarsa.

Sai kuma Loyis. Kalmar Helenanci da take nufin kaka mace sau ɗaya tak ta fito a Sabon Alkawari, a 2 Timoti 1:5, inda Bulus yake tuna wa Timoti cewa bangaskiyarsa ta fara zama a cikin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki. Ayyukan Manzanni 16 ya nuna mana uban Timoti Baheleni ne. Gida ne na mutane biyu da asalinsu ya bambanta, irin wanda muke da shi da yawa a arewa. Ba a faɗi cewa Loyis ta yi wa'azi a taro ba. Abin da muka sani shi ne Timoti ya san Littattafai tun yana ɗan ƙarami, kuma wani ne ya zauna ya koya masa.

Yadda wannan koyarwa take shiga yaro ba wani abu mai wuya ba ne. Kaka tana ɓarzar masara tana rera waƙa daga Littafin Waƙoƙi, jika yana kama amshi. Ana addu'a kafin a sa hannu a tuwo. Da dare ana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, daga nan a zarce zuwa labarin Yusufu da 'yan'uwansa. Akwai kuma abin da kakanni kaɗai suke riƙe da shi yanzu. Bishara ta kafu a Fategi a 1902, a Wase a 1904, a Numan a 1913, a Garkida a 1923, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa kuma ya fito a 1932. Tsofaffin da suke cikinmu yau su ne na ƙarshe da suka ji daga bakin masu bi na fari yadda aka kore su daga gida, da yadda aka gina majami'ar farko da jinka. Haka ma harshe. Yaro da yawa yanzu Hausa da Turanci kawai yake ji, Tangale ko Bura ko Berom ko Jju sai a bakin kaka. In tsohuwa ta koya wa jikanta Addu'ar Ubangiji da yaren gidansu, ta ba shi gado biyu a lokaci ɗaya.

Amma ba kowane abin da kaka ta riƙe ne ya kamata ya wuce zuwa jika ba, kuma nan ne rigima takan tashi. 1 Sarakuna 15:13 ya ba da labarin sarki Asa da ya sauke Ma'aka, tsohuwar gidan sarauta, daga matsayinta saboda gunkin da ta yi. A gidajenmu abin yakan zo da siffar laya ko guru da ake ɗaura wa jariri a ɓoye, wai don kariya daga mayu. Yakan kuma zo ta wajen lafiya: a kira wanzami ya cire belu, a shafa toka ko wani abu a cibiya, a ɗura wa jariri ruwa ko jiƙo tun yana kwana uku. Ma'aikatan lafiya suna cewa nono zalla har wata shida, cibiya kuma a bi abin da aka faɗa a asibiti. Kaka za ta ce, "Haka na yi wa ubanka, ga shi nan da ransa." Gaskiya ne yana da rai. Sai dai in ka zauna da ita a natse, za ta lissafa maka waɗanda ta binne suna jarirai.

A irin wannan, shawarata ga maza ita ce kada ka bar matarka ta yi wannan faɗa da uwarka ita kaɗai. Kai ne ɗa, kai za ka je ka durƙusa ka ce, "Mama, a yi haƙuri, wannan ba za a yi wa yaron ba." Ka faɗa da ladabi, amma ka faɗa. Ga kakanni kuma, ku tuna da Na'omi. Ta ɗauki Obida ta rungume, ta yi renonsa, har matan unguwa suna lissafa shi ɗanta, duk da haka ɗan Rut da Bo'aza ne. Kaka da take soke horon iyaye a gaban yaro, ko take zagin surukarta a kunnen jika, tana raba zuciyar yaron gida biyu.

Akwai magana mai nauyi da ya kamata iyaye su ji. Kai yaro yaye wurin kaka al'ada ce mai kyau, amma yaye na wata ɗaya ya zama riƙon shekara goma. Na taɓa ziyartar wata gwauruwa da ta haura saba'in, jikoki biyar a ɗakinta, ita ce take noma, ita ce take zuwa makaranta roƙon a ɗaga mata kuɗin zango. 'Ya'yanta suna birni, kowa da wayarsa mai tsada, sai Disamba a gan su da buhun shinkafa ɗaya. Manzo Bulus ya yi maganar wannan kai tsaye a 1 Timoti 5:4. Ya ce gwauruwar da take da 'ya'ya ko jikoki, su ne za su fara ɗaukar nauyinta, ta haka suna sāka wa iyayensu. A aya ta 8 ya yi hukunci mai tsanani a kan wanda ya ƙi kula da mutanen gidansa. Mun juya tsarin, tsohuwa ce take ciyar da waɗanda ya kamata su ciyar da ita. In dole ne yaro ya zauna a ƙauye, a aika kuɗin abinci da na makaranta da na magani kowane wata, ba sai an roƙa ba. A kuma tambayi tsohuwar ko tana da ƙarfin riƙon, domin kunya ba za ta bar ta ta ce ta gaji ba.

Bukukuwa kuwa su ne lokacin da gida yake cika. Ranar suna, fasto ya zo da sassafe a yi addu'a, kaka ce take tuna sunan wanda za a yi wa takwara. A Kirsimeti 'yan birni su dawo, a yi watanda a raba naman sa, a ɗinka wa yara sabbin kaya. A Fitowa 12:26-27, an shirya Idin Ƙetarewa yadda yara za su yi tambaya a kan ma'anarsa, manya su ba da amsa. Biki ke nan da aka gina da wurin tambayar yaro a cikinsa. Namu fa? Sau da yawa manya suna can suna hira, mata suna madafa tun asuba, yara suna kan waya, a watse ba wanda ya ba da labarin haihuwar Yesu a cikin gida. Minti goma sha biyar sun isa, bayan an ci abinci, a ba kaka wuri ya ba da labarin, jikan da ya iya karatu ya karanta Luka 2.

A Nehemiya 8, da jama'a suka ji Shari'a suka fashe da kuka, an ce musu su je su ci su sha, su kuma aika da rabo ga waɗanda ba su shirya kome ba. Wannan aika rabo mun san shi. Kaka ce take zuba shinkafa a kwanuka ta ce wa jika, kai wannan gidan gwauruwa, wannan gidan Malam maƙwabcinmu, wanda shi ma zai aiko da naman layya in Babbar Sallah ta zo. A garuruwan da rikici ya raba unguwanni, wannan al'ada ta yi rauni ƙwarai. Inda take da sauran rai, a riƙe ta, kuma a bar yara su ɗauki kwanon da hannunsu. Abin da zan ja kunne a kai shi ne bashi. Kuɗin makaranta yana jira a Janairu, kuma kaka ce za a bari da yaran bayan motoci sun koma birni.

Daga nan sai aikin taimako, abin da iyayenmu suke kira gayya. Majami'u da yawa na ƙauye da gayya aka gina su: maza suna kwaɓa ƙasa, mata suna jan ruwa, tsofaffi suna dama kunu. Har yau, in aka yi rasuwa, Zumuntar Mata ce take kwana a gidan makoki, ita take dafa abinci, ita take share majami'a ran Asabar, ita take zuwa gaishe da marasa lafiya. Tabita ta Yafa, a Ayyukan Manzanni 9, da allura da zare ta yi hidimarta, da ta mutu kuma gwauraye suka nuna wa Bitrus rigunan da ta ɗinka. Yarinyar da take bin kakarta asibiti riƙe da kwanon kunu tana koyon wannan aiki ba tare da an kira shi darasi ba. Matasan yanzu sukan tambayi nawa za a biya kafin su ɗauki fartanya. Ban ga laifinsu gaba ɗaya ba, rayuwa ta yi tsada, kuma da yawansu ba wanda ya taɓa tafiya da su gayya suna ƙanana.

Sai dai mu shugabanni ma muna da laifi. Mun saba mu ɗora kowane aiki a kan tsofaffin mata guda shida ko bakwai, don ba sa cewa a'a. Tsofaffin maza kuwa, malaman makaranta da ma'aikatan jinya da suka yi ritaya, mun bar su a gindin bishiya. Tsohon malami zai iya tara yaran unguwa sau biyu a mako ya koya musu karatu a cikin majami'a. Tsohon manomi zai iya duba gonar ikkilisiya.

Akwai abu guda da kowace majalisar dattawa za ta iya yi kafin damina. A zauna da shugabar Zumuntar Mata a rubuta sunayen tsofaffin da suke riƙe da jikoki su kaɗai, da yawan yaran da suke kowane gida, da inda iyayen suke. Waɗanda iyayensu suke da rai da hali, fasto ya kira su a waya ya yi musu magana. Waɗanda marayu ne, a sa rana matasa da sojojin ikkilisiya su fita gayya gonar tsohuwar, a gyara rufin ɗakinta kafin ruwa ya sauka, a kuma ware musu rabo daga hatsin da ake kawowa ranar godiyar girbi.