Filtar Man Inji a Motocin A-kori-kura

Man inji, wanda makanikai ke kira baƙin mai, yana kwaso ɓarɓashin ƙarfe da ƙura da baƙin hayaƙi a duk zagayen da ya yi, kuma aikin filta shi ne tare wannan datti a kan hanyar man daga famfo zuwa karanshaf, inda shimfiɗar man da ke raba ƙarfe da ƙarfe ba ta kai kaurin silin gashi ba. Filtar da Ernest Sweetland da George Greenhalgh suka ƙirƙiro a Amurka a 1923, mai suna Purolator, ɗan kaɗan take tacewa daga cikin man, amma a injunan yau dukkan man da famfo ya turo ta cikin filta yake bi.

Idan aka yanka gwangwanin filta, abin da za a tarar shi ne takarda mai ninki-ninki da aka naɗe a jikin bututun ƙarfe mai huji, kuma a wannan takarda ne babban bambanci tsakanin filtoci yake. Ana auna datti da maikuron, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita, silin gashin mutum kuwa yana kai maikuron 70. Takardar da aka yi da zaren itace tana da araha, sai dai ramukanta ba su daidaita ba, yayin da wadda aka yi da siraran zaren gilashi take kama ƙwayoyin da suka fi ƙanƙanta, ta kuma ɗauki datti mai yawa kafin ta cika. Duk da haka, matsatstsun ramuka ba alheri ba ne zalla, domin filtar da ta cika tsananin tacewa tana iya rage gudun man, inji kuwa ya fi jure mai mai datti a kan rashin mai.

Wannan ne ya sa ake sanya bawul na ko-ta-kwana, a cikin filtar ko a mazauninta, wanda ke buɗewa idan takardar ta toshe ko man ya yi kauri da sanyin asubar hunturu, sai man ya wuce ba tare da an tace shi ba. Illar ita ce direba ba ya ganin wata alama, motar tana tafiya lafiya lau alhali datti na cin ƙarfenta. Abin ya fi tsanani a motoci irin Toyota Hilux masu amfani da gas, wato dizal, waɗanda ke ɗaukar buhuna a hanyoyin burji masu ƙura, don injin gas ya fi na fetur zuba baƙin hayaƙi a cikin mai. Yin juyen mai a bar tsohuwar filta, kamar yadda wasu ke yi da sunan tsimi, asarar sabon man ne kawai.

Akwai kuma faifan roba a bakin filtar, wanda ke hana man tsiyayewa idan an kashe inji. Na silikon, mai launin ja ko ruwan lemo, ya fi na baƙar roba jure zafi, kuma a nan ne filtar jabu kan tona asirin kanta, domin fenti da tambari suna da sauƙin kwaikwayo, amma idan robar ta bushe sai a ji inji yana ƙara-ƙara na 'yan daƙiƙoƙi da safe, fitilar mai kuma ta yi jinkirin mutuwa.