Mai gadin da ba ya riƙe fuska

Duk mai sayen wasannin kwamfuta a kantin Steam ya san wannan ƙofa. Ka danna hoton wani wasan yaƙi ko na ban tsoro, kafin shafin ya buɗe sai a tare ka da akwati uku: rana, wata, shekara. Ka cika ka wuce. Gobe in ka dawo, ga su nan suna jiranka, kamar ba a taɓa ganinka ba. Kamfanin Valve ya buɗe kantin nan tun 2003, akwai kuma mutanen da suka shekara ashirin suna ciniki a cikinsa. An san katin bankinsu, an san awa nawa suka yi a kan kowane wasa, amma a tashi a sake tambayarsu yaushe aka haife su. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Wanda ake fara zargi shi ne na'ura. Sai a ce wataƙila kwamfutar ce ke share 'yan bayanan da take ajiyewa. Wannan zargi bai je ko'ina ba, domin tambayar tana tare har wanda ya shiga da sunansa da kalmar sirrinsa. Kamfanin da ke tuna abin da ka saya shekara goma baya ba zai rasa inda zai rubuta lambobi takwas ba.

To, ko dokar gwamnati ce? Nan ne akasarin mutane ke tsayawa, su ce ai Amurka ce ta tilasta. Amma tarihi bai goyi bayansu ba. A 2005 jihar Kalifoniya ta kafa dokar hana sayar wa yara wasannin da ke cike da zubar da jini, da tarar dala 1,000 ga wanda ya karya. Masu sana'ar suka garzaya kotu. A watan Yunin 2011 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar, alƙalai 7 suka rinjayi 2, bisa hujjar cewa wasan bidiyo yana da kariyar 'yancin faɗar albarkacin baki kamar littafi da fim. Ke nan a ƙasar da Valve yake, ba 'yan majalisa ne suka kafa akwatunan nan ba.

Bakin zaren yana kan shafin kansa, a wani ɗan ƙaramin rubutu da ido ke tsallakewa. Cewa yake bayanin na tantancewa ne kawai, ba za a ajiye shi ba. Ashe ba mantuwa ba ce, da gangan ake zubar da amsar. Saura a san wa ya ce a zubar.

Valve da kansa ya warware wannan a watan Satumban 2018, cikin wata sanarwa game da sababbin hanyoyin tace wasanni. Ya ce hukumomin da ke rarraba wasanni bisa shekaru da yawansu suna da ƙa'idar da ta hana riƙe shekarun mutum fiye da zama ɗaya. Da ka rufe ka tashi, an shafe. Har ya amsa cewa ma'aikatansa ma cika akwatunan suke yi.

Su wane ne waɗannan hukumomi? A Amurka ita ce ESRB, kuma ba ta gwamnati ba ce. A Disamban 1993 Sanata Joe Lieberman da Sanata Herb Kohl suka kira masu wasanni gaban majalisa saboda jinin da ke malala a wasan Mortal Kombat. Saƙon a fili yake: ku gyara gidanku ko mu gyara muku. A 1994 kamfanonin suka kafa ESRB, wadda ke manna harafin M a wasan 'yan shekara 17 zuwa sama. Turai ta bi da tata, PEGI, a 2003. Ni a ganina hikimar ƙa'idar ba ta wuce wannan ba: kwamfuta ɗaya ce a falo, uba ya tashi, ɗa ya hau kujerar. Kantin ya san mai asusun, bai san mai zaune ba.

Niyyar tana da kyau, amma abin ya dame ni. Yaro ɗan shekara goma ya san ya bar rana da wata a 1 ga Janairu yadda ya same su, ya ja shekarar baya, ya shige. Ba wanda zai nemi shaida. Babba ake wahalarwa kullum, yaron kuma ba a tare shi ba.

Inda doka ta gaske ta shigo, salon ya sauya gaba ɗaya. Birtaniya ta kafa dokar kare masu amfani da intanet a 2023, kuma daga 25 ga Yulin 2025 ta wajabta tantance shekaru mai ƙarfi, da tarar da za ta iya kai fam miliyan 18 ko kashi 10 cikin 100 na cinikin kamfani a duniya. A ƙarshen Agustan shekarar, Steam ya fara neman katin bashi na banki daga mazauna ƙasar kafin su ga wasannin da aka keɓe wa manya zalla, domin a can ba a ba wanda bai kai 18 ba irin wannan kati. Muddin katin yana kan asusun, shaidar tana nan.

Ga iyayen da 'ya'yansu ke wasa a Steam, akwai tsarin Steam Families da aka buɗe wa kowa a Satumban 2024. Da shi za ka zaɓi wasannin da yaro zai iya buɗewa, ka ƙayyade masa lokaci, kuma ka amince ko ka ƙi idan ya roƙi a saya masa wasa. Don Allah a zauna da yaron yau a kunna shi, kada a bar wa akwatunan nan uku tsaron gida.